Yarinyar da Ke Juya wa Taga Baya

Asabar, 1 ga Maris, da hantsi

Mama Donka ta riga kowa tashi, kamar kowace ranar farko ta Maris. Kafin in gama wanke fuska ta cafke hannuna ta ɗaura min zaren ja da fari, ta ja ƙullin har sai da na ce wayyo.

"Don kada ya faɗi, amarya. Ke komai zamewa yake a hannunki."

Shekara biyu da auren ɗanta Kalin, har yau ni amarya ce. Ta ɗaura wa Kalin nasa a hannun hagu, ta ɗaura wa kyanwa, ta ɗaura wa tukunyar furen baranda. Ba mai cirewa sai ya ga shamuwa da idonsa, sannan ya rataye a reshen itace. Bara ni na riga kowa gani a gidan nan, bana ma ba zan bari a riga ni ba.

Na zaɓi ranata a watan: sha takwas. In ta zo da rana, shekarata za ta yi kyau. In ta zo da ruwa, to. Mama ta tambayi Kalin tasa ranar, ya ce a ba kyanwa ta zaɓa masa.

Ga abin da ya sa na buɗe littafin nan: Gidan Tawada sun kira ni! Wurin nan da ke saman shagon maɓallai, a ƙarshen gada mai rufi, inda yara ke zuwa bayan makaranta su rubuta labarai. Duk shekara suna ɗaukar mutum biyu da suka gama jami'a, su ba su tebur da makulli da ɗan alawus, su zauna da yaran shekara guda. Mu shida aka zaɓa, za a gwada mu wata ɗaya. Kwalin digirina na adabi yana cikin durowa, ƙarƙashin mayafan tebur na Mama. Yau na ɗaga mayafan na leƙa shi, kamar mai duba ko ƙullu ya tashi.

Babban akwatin nan ya sauko daga kan kabad. Ban ga wanda ya sauko da shi ba.

Lahadi, 2 ga Maris, da yamma

Ranar neman gafara kafin azumin Ista. Mun sumbaci hannun Mama, muka ce ta yafe mana, ta ce ta yafe, mu ma mu yafe mata. Sannan ta naɗe farantin banitsa, gurasar nan mai cuku, da zafinta a tsumma ta miƙa wa Kalin. A irin wannan rana dole a je gidan wanda ya tsaya wa mutum a ɗaurin aure, mu kuwa Dobri ne ya tsaya mana. Da shi suka buɗe shagon kafinta, tun suna samari. Tun da shagon ya kama da wuta a Janairu Kalin bai taka gidansa ba.

Kalin ya karɓi farantin ya ɗora a kan firij. Yana can har yanzu.

Bari in rubuta ɗayan zancen sau ɗaya, in huta. Ɗan kawunsa ya samo mana aiki a Jamus, shi aikin katako, ni cusa kaya a kwali a wani sito. An kama mana kujera biyu a motar Litinin ta ƙarshen wata. A ranar ce kuma waɗanda Gidan Tawada suka ɗauka za su fara aiki. Na tsaya gaban kalanda ina kallonta ko za ta ji kunya ta sake shawara.

Na ce masa, "In sun ɗauke ni fa?"

Ya ce, "Je ki gwada. Gwaji ba ya hana tafiya."

A littattafan da nake saya a kan gada, a nan ne miji zai riƙe kafaɗun matarsa ya faɗi magana mai tsawon rabin shafi. Nawa ya tambaye ni ina muka ajiye safar sanyi.

Talata, 4 ga Maris, bayan la'asar

Malama Rumyana, shugabar wurin, gajeriya ce mai furfura, tana magana kamar mai sara itace. Ta jera mu a bango ta ba mu doka.

"A ɗakin nan babba ba ya riƙe alƙalami. Ba ya ba yaro kalma. Ba ya cewa ya yi kyau, ba ya cewa bai yi ba. Tambaya ɗaya aka yarje muku: sai me ya faru?"

Wani dogo mai suna Yasen, wanda ya karanci falsafa kuma aljihunsa cike da soyayyar ƙwayar kabewa, ya ɗaga hannu.

"Malama, in yaron ya kashe kowa a shafin farko fa?"

"Sai ka ce, sai me ya faru. Za ka sha mamakin abin da matattu ke yi."

Kowannenmu an ba shi yaro ɗaya. Asabar ta ƙarshen wata yaran za su karanta labaransu gaban iyaye. Ta ce ba labarin za ta auna ba, mu za ta auna, amma wanda yaronsa bai kai ƙarshe ba kada ya ɓata mata lokaci.

Tawa sunanta Zori. Shekararta sha ɗaya, rigar sanyinta ta fi ta girma. Tana shigowa ta ja kujera ƙiiii ta juya ta, ta ba taga baya. Duk yaran na rububin wurin da rana ke faɗowa, ita ta zaɓi kallon bango. Ta rubuta layi ɗaya ta turo min.

*Akwai wata shamuwa da ta sami aiki a otal.*

Dariya ta kuɓuce min. Ta ɗago ta kalle ni kamar na taka mata ƙafa. Na yi maza na ce, "Sai me ya faru?"

"Suka ba ta rigar aiki. Ba ta shige ta ba, saboda fukafukai."

Na dawo gida ina ta tunanin rigar nan. Yaya suka yi? Sun tsaga mata gefe?

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Sun tsaga mata gefe, kuma za a cire kuɗin ɗinkin a albashinta. Shamuwar tana gyara gadaje da baki. Ta bar 'yarta a sheƙa wurin wata tsohuwar hankaka mai ciwon gwiwa.

Na bi Zori da ido ta taga da aka tashi. A hanya ma kanta a ƙasa yake, kamar wadda ta yar da allura. Har ta kusa karo da mai keke.

Me take gudun gani? Na tsara dalilai a kan hanyar gida. Ko akwai wani mutum da ke tsayawa a bakin gada yana jiranta. Ko haske na sa mata ciwon kai. Ko kuma, kamar a wani littafi da na karanta a hunturun nan, ta taɓa ganin wani abu ta taga wanda bai kamata ta gani ba. Na fi son na ukun, Allah ya yafe min.

Juma'a, da safe

Akwatin a buɗe yake. Safa ce kaɗai a ciki.

Asabar, 8 ga Maris, da rana

Ranar mata. Yara sun yi wa iyayensu mata kati, ɗakin duk gam da yankakkun takardu. Zori ta yi nata da kyau, ta sa a jaka ba ta nuna wa kowa ba. Kakarta ce ta zo ɗaukarta, tana hawa benen tana hutawa, hannu a gwiwa. A nan na gane hankakar.

Yasen ya ce uwar tana Sifaniya, tana aikin share ɗakuna. Ya faɗa yana tofar da ɓawon ƙwaya a tafin hannunsa. "Rabin ɗakin nan haka suke. Nawa yaron, ubansa na tuƙa babbar mota a Holan. Labarinsa kuwa na wani dodo ne da ke zuwa gida sau biyu a shekara da cakulan."

Kalin ya fita yau, da rana tsaka, abin da bai yi ba tun Janairu. Ya dawo da fure ɗaya nawa, ɗaya na Mama. Takalminsa duk laka, wato ta bayan kasuwa ya zaga. Hanyar da ba ta da laka ta gaban layin su Dobri take bi.

Fatar hannunsa na dama, inda ya ƙone, ta yi sabuwa, ja-ja, sumul kamar ta jariri. Da ya miƙo furen na so in taɓa. Na taɓa furen.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Wake kuma. Mama na azumin da ba a cin nama, saboda haka dukkanmu muna azumi, har kyanwa.

Tana juya tukunya ta ce, "Wai ke, 'ya'yan mutane za ki je kina raino a kan alawus ɗin da ba zai sayi takalmi ba?"

"Ba raino ba ne, Mama. Rubutu suke yi."

"Su suke rubutun. Ke me kike yi?"

"Tambaya."

Ta juyo da ludayi a hannu. "Shekara huɗu a jami'a don a koyi tambaya! Ni da ban je ba, ba ga shi ina yi kyauta ba?" Ta koma kan tukunyarta. Can ta ce, "Miji a can, mata a nan, wannan aure ne ko wasiƙa? Ku tafi abinku tare. Ni ba na buƙatar kowa, ina da kyanwa."

Amma gishiri sau biyu ta zuba a miyar.

Rigar aikin Kalin tana baranda har yanzu. Mama ta ce iska za ta cire ƙaurin. Tun Janairu iska ke ƙoƙari.

Alhamis, 13 ga Maris, da la'asar

Dokar nan ta fi yadda na zata wuya. Yau shamuwar ta je wurin mai otal neman hutu don ta koma gida a watan Maris, kamar yadda duk shamuwar kirki ke yi. Mai otal ɗin kifi ne, wai, mai gashin baki. Zori ta tsaya a nan tana tauna alƙalami.

Ni kuwa ƙarshen labarin ya riga ya haɗu a kaina, har da kiɗa: ta cire rigar ta jefa wa kifin a fuska, ta tashi sama, ta keta teku, ta sauka a sheƙa da asuba. Ya zo min har kan harshe. Na danne shi da haƙori.

"Sai me ya faru?"

"Ya ce zai yi tunani."

Sannan ta ja hannun rigarta ta rufe zaren da ke wuyan hannunta. Nata ba irin namu na kasuwa ba ne, yana da ɗan dutsen ado shuɗi.

Lahadi, da rana

Kalin ya saka rigunansa a akwatin. A ɗaya gefen ya bar wuri, daidai rabi. Ya auna ne da ido, irin na kafinta.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Ranata ta zo da rana, ko gajimare babu. Na ga shamuwa.

Ba na son rubutu yau.

Laraba, 19 ga Maris, da safe

To, ga yadda aka yi.

Ina tsaye bakin taga jiya ina jin daɗin ranata, sai ga ta. Ta taso daga wajen kogi, fara fat, ƙafafu a miƙe, ta sauka a kan bututun hayaƙin tsohuwar makaranta kamar wadda ta bar wurin jiya-jiya. Na ƙwalla ihu, "Shamuwa! Yara, shamuwa!" Suka kwaso a guje, kujeru na faɗuwa, kowa na ƙoƙarin kwance zarensa.

Zori ba ta motsa ba. Na ce a raina, yarinyar da ke rubuta labarin shamuwa, a ce ita kaɗai ba ta gani ba? Na je na kama kafaɗunta ina dariya, na juyo da ita.

Ta gani. Na ga lokacin da ta gani.

Ta ce, "Ban gani ba." Sannan a hankali ta ce, "Na gani." Ta tattara jakarta ta fita, takardun labarin na kan tebur.

Sai a lokacin na lura ɗakin ya yi tsit. Yaran duk ni suke kallo.

Bayan an tashi Malama Rumyana ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Uwarta ce ta aiko mata zaren nan daga Sifaniya. Ta ce mata, kafin ki ga shamuwa na dawo. Tun ranar yarinyar ke tafiya kai a ƙasa, don ta ba uwar lokaci. Kowa a ɗakin nan ya sani. Har Yasen, da bai san inda ya ajiye hularsa ba."

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Kin tambaya?"

Ban tambaya ba. Na tsara dalilai uku masu daɗi na zaɓi wanda ya fi burge ni.

Alhamis, 20 ga Maris, da la'asar

Ba ta zo ba. Na zauna gaban kujerar da ke kallon bango.

Yasen ya zo ya zuba min ƙwaya a tafi. "Kada ki mutu, 'yar'uwa. A ƙauyenmu shamuwar da aka gani ta gilashi ba ta shiga lissafi."

"Da gaske?"

"A'a. Amma ƙauyenmu mutum tara ne suka rage, wa zai ƙaryata ni?"

Sauran mako guda da 'yan kwanaki. Labarin ya tsaya a inda kifi ke tunani. In bai ƙare ba, an raba gardama, rabin akwatin nan nawa ne. Abin mamaki, na ɗauka wannan zai sa in ji sauƙi.

Mama ta ga zarena. "Ba kin ce kin ga shamuwa ba? Me kike jira, ta aiko miki da takardar gayyata?"

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Na je gidansu. Can saman bene suke, lif kuma ya mutu. Ina hawa ina maimaita ƙaryar Yasen, na ma ƙara mata gishiri: wai kakata ce ta gaya min.

Kakar ta buɗe, ta kalle ni sama da ƙasa. "Ke ce mai ihun?" Duk da haka ta ba ni silifa ta ɗora shayi.

Zori na kicin tana ɓare tafarnuwa. Zaren na hannunta. Na zauna na fara, "Kin san, wai in ta gilashi aka…"

"Yaya Nevena, ni ba jaririya ba ce."

Ina da wata maganar a shirye, cewa mamanta na nan tafe, tabbas, ƙila ma tana hanya. A littattafaina kowa na faɗin irin wannan, kuma takan zama gaskiya kafin shafin ƙarshe. Amma ni ban san matar ba, ban san mai otal ɗin ba. Na ce, "Na yi miki laifi. Ban tambaya ba." Ta ɗaga kafaɗa. Na jawo tafarnuwa na taya ta ɓara.

Da kwanon ya kusa cika na ce, "Kifin nan da ya ce zai yi tunani. Sai me ya faru?"

"Ya ce a'a."

"Sai me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Ba ta zo ba."

"Sai me ya faru?"

Ta aje wuƙar. "Wai ke ba ki da wata tambayar?"

"An hana ni."

Bakinta ya ɗan motsa. Daga bakin murhu kakar ta ce, "Wannan aiki naku, ko ɗan sanda albarka." Zori ba ta ce za ta dawo ba. Ni ma ban roƙa ba.

Lahadi, 23 ga Maris, bayan la'asar

Hannun akwatin ya karye tun tafiyarmu ta amarci. Yau Kalin ya fito da shi baranda, ya samo guntun reshen tuffa yana feƙe sabo. Karon farko ke nan da na ga ƙarfe a hannunsa tun gobarar nan. Yana riƙe shi a karkace.

Na kawo shayi na zauna a kan bokiti. Wata biyu ina tsara labarin ranar a kaina. Na san wanda na ba laifi, na san abin da ya kamata kowa ya ce. Ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "Ranar nan. Bayan Dobri ya fita ya bar ka a shagon. Sai me ya faru?"

Na zata zai tashi. Sai ya fara.

Ba zan rubuta ba, nasa ne. Ya yi magana har shayin ya huce, har rana ta bar barandar. Duk inda ya tsaya na ce sai me ya faru. Bakina ya yi ta ɗauko "ai ba laifinka ba ne", ina mayarwa, don na ga ba ita yake nema ba. Abin da zan iya cewa kawai, ba yadda na tsara ba ne. Babu mugu a ciki. Littattafaina ba su shirya ni wa labarin da babu mugu ba.

Da ya gama na kama hannun na dama. Sabuwar fatar tana da ɗumi.

Ya tashi ya cire rigar daga igiya, ya sauka da ita. Ya dawo babu ita. Mama ta leƙa barandar, ta ga igiya wayam, ta koma kicin tana ta faɗa da kyanwa ba gaira ba dalili.

Talata, da yamma

Ba ta zo ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da la'asar

Ta zo! Ta tsaya tana kallon kujerarta, sannan ta ja ta ƙiiii har bakin taga, ta ture wani yaro, ta zauna rana na dukan fuskarta. Hannunta babu zare.

Ta yi ta rubutu, ta kare takardar da gwiwar hannu. Na matso.

"Sai me…"

"Yi shiru, Yaya Nevena, ina aiki."

Na yi shiru. Ban taɓa jin daɗin a ce min yi shiru kamar yau ba. Ban san me ta rubuta ba, kuma sanin yana cina kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Ɗakin ya cika, yawanci kakanni. Dodon yaron Yasen ya kawo cakulan da ya narke a hanya, aka yi ta dariya, wata tsohuwa na dariya tana share ido.

Zori ta karanta nata ba ta ɗago ba. Na roƙe ta ta bar ni in kwafe ƙarshen:

*Shamuwar ba ta zo ba. Kifin ya ce sai bayan bazara. 'Yarta ta hau can saman sheƙa ta duba ko'ina, tunda yanzu ba abin da zai hana ta dubawa. Ashe garin yana da rufi da yawa. Ta ga kogi. Ta ga wani kare a kan gareji, ba a san yadda ya hau ba. Ta ce, to, in ta zo zan nuna mata karen. Hankaka ta ce sauko ki ci abinci.*

Nawa ƙarshen, mai keta teku da asuba, ko kusa bai kama ƙafar wannan ba.

Na tambaye ta ina zaren. Ta ce ta rataye a itacen da ke tashar mota, daidai inda motar Sifaniya ke tsayawa.

Da na juya na ga Kalin a bakin ƙofa, a tsaye bayan kowa, hula a hannu. Ban san zai zo ba. Kafin in ratsa mutane ya tafi.

Malama Rumyana ta tare ni ina tattara kofuna.

"Kuskuren da kika yi, ba a yi kamarsa a ɗakin nan ba bana."

"Na sani, Malama."

"Kuma kika hau benen nan kika je kika zauna da shi. Yawanci fure suke aikawa." Ta ajiye makulli a cikin kofin da ke hannuna. "Ke da mai ƙwayar kabewa. Litinin da safe. In kina gari."

Ashe ta sani. A garin nan kowa ya san komai, ni kaɗai ce nake karanta littafi.

Lahadi, 30 ga Maris, da yamma

Na shirya jawabi tun daga kan gada jiya. Ban yi amfani da shi ba. Ina shiga na tarar rabin akwatin nan da Kalin ya bar min ya cika da kayan aikinsa, a naɗe cikin tawul.

Na ce, "Ina za ka sa nawa?"

Ya ce, "Babu wuri. Kin ga dai da idonki." Bai kalle ni ba. Can ya ce, "Yarinyar nan, da ta gama, ke ta fara nema da ido."

Mama ta ce mu biyun ba mu da hankali, ta sake maganar aure da wasiƙa, ta ce a zamaninsu mace na bin mijinta ko rami ya shiga. Tana faɗa tana sauya zanen gadon ƙaramin ɗaki, wai ya fi ɗumi, wai ba don ni ba.

Da hantsi Kalin ya ɗauki burodin da ta gasa a faranti ya fita. Ya dawo takalminsa tsaf, babu laka, babu faranti, wato ta layin su Dobri ya bi. Ban tambaya ba. Wannan karon ba tsoro ba ne, na ga idonsa, na san zai faɗa in ya shirya.

Na kwance zarena na ɗaura a sabon hannun akwatin. Mama ta ce ba haka ake yi ba, a itace ake ratayewa. Na ce ai hannun ma reshen tuffa ne.

Litinin, 31 ga Maris, da hantsi, a teburina

Mama ta cika 'yar tukunyar tagulla da ruwa, ta tsinko ganye a baranda ta jefa a ciki, muka sauka ƙofar gida. Tasha tana hagu, gada tana dama.

Kalin ya ajiye akwati ya kama hannuna. Zarensa na nan, bai ga shamuwa ba tukuna. Ya ce, "Kafin shamuwa su tafi zan…"

Na rufe masa baki da tafina. "Kada ka ɗaura alkawari a ƙafar tsuntsu. In ka sayi tikiti ka gaya min rana."

Ya gyaɗa kai, bakinsa na motsi a tafina.

Mama ta ce, "To, matsa, amarya, ruwa na mai tafiya ne." Ta karkata tukunyar gaban ƙafafunsa. "Hanyarka ta tafi kamar ruwa, ɗana."

Ruwan bai kai rabi ba ya riƙe mata hannu. Ya karɓi tukunyar.

"Kai! Ba a raba shi! Sau ɗaya ake zubawa!"

Ya juya dama, ya watsa sauran a gabana. Da hannun dama ya yi, bai saba ba tukuna, rabi ya sauka a kan takalmina.

"Ta tafi kamar ruwa, Nevena."

Mama ta ƙwace tukunyar ta leƙa cikinta kamar za ta sami saura. "Kun ɓata min ruwa, ku biyun." Ta sumbace shi da ƙarfi ta ture shi. Ni kuma ta ce, "Akwai wake da rana. Kada ki tsaya tambaye-tambaye a hanya."

Ya taka nasa, na taka nawa. Na waiwaya sau ɗaya, na ga zaren na lilo a hannun akwati.

Na hau benen Gidan Tawada takalmina na cakal-cakal, ina barin sawu a kowane mataki. Malama Rumyana ta dubi sawun, ta dubi ƙafata.

"Wa ya zuba miki?"

"Mai tafiya."

Sannan ta ce, "Cire ki ɗora a kan hita. Yara na zuwa bayan makaranta."